Roba a Wuyan Masunci

A danginmu ni na fara gama jami'a, saboda haka duk wanda ciwo ya kayar, ni ake kira. Ba aikin likita na karanta ba, ilimin taswira da yanayin ƙasa na yi, kuma na sha faɗa musu haka. Ba wanda ya taɓa saurarata. In dai mutum yana jin Turanci, kuma ba ya tsoron tambayar ma'aikacin asibiti ina ɗakin gwaji yake, to a wurinsu ya isa. Kawuna, wan mahaifiyata, shi ya laƙaba mini "Likita". Da tsokana yake faɗa, don ya san ko kaza ake yankawa kau da kai nake yi.

Kawu masunci ne a Dagona, yana kuma noman shinkafa a fadama. Ranar da babban ɗansa ya kawo shi gidanmu a Gashuwa a kan mashin, ban gane shi nan take ba. Dogo ne siriri, amma ranar fuskarsa ta cika har idanun sun shige, takalminsa kuma a hannu ya riƙo don ƙafar ta ƙi shiga. Yana magana shaƙuwa tana katse shi. Inna ta dube shi sau ɗaya, ta shige ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba.

A garinmu ba sai an gaya wa mutum ma'anar irin wannan kumburin ba. Da wuya ka sami unguwar da ciwon ƙoda bai shiga ba, ko da yake ban ƙirga ba, kuma ba na son faɗin abin da ba zan iya tsayawa a kansa ba. Wasu sun ce ruwan da muke sha ne. Wasu sun ce maganin feshin gona ne da ke gangarawa kogi. Akwai masu ɗora laifin a kan ƙwayoyin ciwon jiki da manoma da masunta ke saya a kasuwa su haɗiye kafin su fita aiki. Na karanta iya abin da hannuna ya kai, ban ga inda aka yanke magana ba.

Da aka yi gwajin jini, likitan ya ce mu wuce Nguru, can za a yi masa wankin ƙoda.

"Wanki?" in ji Kawu, muna cikin mota. "To ai da sauƙi. Ni na zaci yanka ni za su yi."

Ban san wanda ya fara kiran abin nan wanki ba. Ina jin iya ƙoƙarinsa ya yi, don injin yana jan jinin mutum ne ya tace dattin ya mayar masa. Amma ƙodar ba a taɓa ta, yadda ta mutu haka take zama, dattin kuma yana sake taruwa cikin kwanaki kaɗan. A kunnen mutum irin Kawu kuwa, abin da aka wanke ya fita ke nan, sai shanya.

Suka sa masa roba a gefen wuya, ta inda jinin zai riƙa fita yana komawa, aka rufe da auduga da filasta. Ma'aikaciyar jinyar da ke kula da ɗakin, wata mata mai fara'a, ta durƙusa kusa da gadonsa.

"Baba, wannan wurin kada ruwa ya taɓa shi. In ya jiƙe, cuta za ta bi robar ta shiga jini. Wanka daga ƙirji zuwa ƙasa. Kogi kuwa a manta da shi."

"Har yaushe, 'yata?"

"Har sai mun ce. Ruwan sha ma a riƙa aunawa da ɗan kofi. Ban da gishiri, ban da kanwa, ban da bandan kifi."

"Likita, ka ji ko?" ya ce da ni. "Ni da aka yanke mini cibiya a bakin ruwa, yau ni ake auna wa ruwa da kofi."

Wankin farko-farko ya yi abin mamaki. Kumburin ya saɓe, shaƙuwar ta tsaya, ya ci tuwo ya nemi ƙari. Ya sa aka kira masa ɗansa a waya ya ce a fara gyaran komarsa ta kamun kifi, a duba jirgin ko yana yoyo. Ni ma na ɗan sake, ko da yake ban gama yarda ba.

Sau biyu a mako muke zuwa daga Gashuwa. A ƙofar ɗakin wankin akwai benci a ƙarƙashin bishiyar maina, wato darbejiya, nan ake jiran layi, don injinan ba su kai yawan masu bukata ba. A bencin muka saba da mutum biyu. Ɗaya tsohon malamin makaranta ne, Babarbare, gidansa a cikin Nguru, a keke mai ƙafa uku yake zuwa, ya yi shekaru yana wankin, 'ya'yansa ma'aikata ne. Ɗayan kuma wani dattijon Bafillace ne makiyayi, daga wata ruga can bayan Dapchi. Shi ba ya zuwa a kan ƙa'ida. Sai an ci kasuwa an sayar da dabba, sai an sami wanda zai bar kiwo ya rako shi. In ya zo, a ɗauke ake shigo da shi.

In an wanke shi ya ɗan farfaɗo, sai wasan Fulani da Barebari ya tashi.

"Bawana, ka zo hannu rabbana?" in ji Malam. "Ina nonon ubangidanka?"

"An hana ka nono, Babarbare. Ko an ba ka, satar hanya za ka yi ka sayar."

"Ji ɓarawon shanu yana kiran wani ɓarawo."

"Ni ƙodata aiki ya kashe ta. Kai taka kunyar zama da kai ta ji, ta gudu."

Har ma'aikatan sukan leƙo su yi dariya. Kawu kuwa, Malam ya naɗa shi Sarkin Ruwa, yana cewa in ya warke shi ne zai riƙa aiko musu da tarwaɗa. Ina lura duk lokacin da Malam ya ce "in ka warke", ba ya kallon fuskar Kawu.

Wata rana na bi likitan ɗakin har bakin ofis, na tambaye shi da Turanci ko akwai ranar da za a daina. Bai ɓoye mini ba. Ya ce ƙodojin biyu sun daina aiki, wankin zai ci gaba muddin rai, sai dai in an yi dashen ƙoda, wanda ba a nan ake yi ba. Ya ce ai ya gaya wa Kawu da Hausa cewa za a ci gaba da wanki. Gaskiya ne, a gabana ya faɗa. Abin da Kawu ya ji shi ne za a ci gaba har ta fita.

Na dawo bencin na tarar Kawu shi kaɗai, sauran sun shiga.

"Likita, me babban naka ya ce? Saura nawa?"

"Ya ce, to, ya danganta. Ta yiwu a ɗan ɗauki lokaci."

"Kai dai tun kana yaro haka kake. A tambaye ka ko ka ƙoshi, ka ce wataƙila. Kafin kaka za su cire mini abin nan ko bayan kaka?"

Na kalli ƙasa. Na yi tunanin in bari sai mun koma gida Inna ta taya ni. Sai na ga in na bari, da Turancin da na ji zan kwana, shi kuma da gyaran komarsa.

"Kawu, ba za su cire ba. Ba ƙodar ake wankewa ba, jinin ne. Ita ta riga ta tsaya. In an daina wankin, ciwon zai dawo, kuma ba a tashi daga shi."

Ya ɗaga hannu ya shafa filastar da ke wuyansa.

"Shi Malam ɗin nan, duk shekarun nan haka yake?"

"Haka yake."

"To me ya sa suka ce wanki?"

Da aka kira shi, ya tashi ya shiga da ƙafarsa.

Bai daina zuwa nan take ba. Ya ci gaba da zama a ɗakina a Gashuwa, don daga Dagona ba zai yiwu ba. Damina ta yi ƙarfi, ruwa ya cinye hanyar, sai an shiga jirgi, a hau mashin, sannan a tsaya a bakin titi jiran mota, ga kuma roba a wuya wadda ba a so ko yayyafi ya taɓa. Ni kuma ina koyarwa a wata makaranta, ranakun wanki sai in roƙi abokan aiki su riƙe mini aji. Sun yi mini kara sosai, amma na fara ganin fuskokinsu suna canzawa, kuma ban ga laifinsu ba. Kawu yakan wuni a ƙofar gida yana kallon masu wucewa. In mai tallan kifi ta zo, ya kira ta ya ɗaga kifin ya juya shi, ya tambaye ta daga wane ruwa, ya mayar mata.

A cikin wannan lokacin Bafillacen ya daina zuwa. Mako ya wuce, wani ya bi bayansa. Ba wanda yake da lambar wayar kowa nasa, an ce ma rugar tasu ta tashi. Malam ya daina wasa. Rannan ya ce da ma'aikaciyar, "In bawan nan nawa ya zo, ki ce ina nemansa," ta ce to, ta juya da sauri.

Abin da na gani a bencin nan, in ban yi kuskuren fahimta ba, shi ne ciwon iri ɗaya ne, injin ɗaya ne, ma'aikatan kuma ban taɓa ganin sun fifita wani a kan wani ba. Amma wanda gidansa ke bayan asibiti, kuma abincinsa ba ya bukatar ya motsa, shi yake daɗewa. Wanda abincinsa ke bayan saniya ko cikin ruwa, hanya ce take fara gajiyar da shi.

Malam ma ya ga haka. Ya ce da Kawu, "Sarkin Ruwa, ina da ɗaki a zaure, ba kowa a ciki. Ka dawo nan, mu riƙa zuwa tare."

"Allah ya saka da alheri, Malam. In zauna a zaurenka in yi me?"

"Ka rayu mana."

"Kai ka yi aikinka ka gama, gwamnati ta sallame ka. Ni nawa aikin ba a sallama."

Da ruwa ya fara janyewa, shinkafa ta nuna, sai wata safiya a mota Kawu ya ce mini yau zai ce su cire robar. Na roƙe shi. Na ce ta yiwu a sami taimako, wataƙila a kawo inji Gashuwa, na ji ana maganar, ƙila a yi masa wata hanyar a hannu wadda ba ta tsoron ruwa. Wannan na ƙarshen gaskiya ne, akwai ta, amma ko an yi ta, zuwa sau biyu a mako yana nan. Ya bar ni na gama.

"Ka yi ƙoƙari, Likita. Uwarka ta haifi ɗa. Amma ni ba zan mutu a ƙofar gidan ƙanwata ina tambayar mai talla labarin kogi ba."

Likitan ya zaunar da shi ya yi masa bayani dalla-dalla, har da yadda ƙarshen zai kasance. Ma'aikaciyar ta ce, "Baba, ka ƙara ko wata ɗaya." Ya ce ya ji, ya gode. Suka cire, suka rufe wurin, suka ce ya bari ya warke kafin ya shiga ruwa. Wannan dai ya yi musu biyayya. Da ramin ya rufe, ɗansa ya zo da mashin ya ɗauke shi.

Bayan 'yan kwanaki ina makaranta, lokacin hutun tara, waya ta shigo. Ma'aikaciyar ce. Ta ce sun riƙe masa gurbinsa na ranar Alhamis ko zai canza shawara, amma akwai wata mata daga Katuzu da ke jira, jikinta ya yi nauyi. Tana so ta sani, zai dawo ko ba zai dawo ba?

Na ce, "Wataƙila in na je na sake yi masa magana."

"Malam, ka yi haƙuri. Matar tana kwance a gabana. E ko a'a nake so."

Yara suna ta guje-guje a filin makaranta. Na san in na ce ta riƙe, za ta riƙe. Na kuma san ba zai dawo ba.

"Ku ba ta," na ce.

Kawu ya shiga ruwa, an ce har ya kama kifi ya aika wa Malam, ko da yake an hana Malam cin irinsa. Ya rasu kafin a gama bugun shinkafa. Matar Katuzu ban taɓa ganinta ba, ban kuma tambayi yadda ta ƙare ba. Na dai san hanyarsu. Ita ma sai an hau mashin kafin a kai titi.