Ranar da Inna Ta Ci Curos a Deira

Asubar fari muka fito daga gida a Kano, ni da Innarmu, da akwatunan da suka fi mu nauyi. Yayata ce ta haihu a Dubai, inda mijinta ke aiki a wani kamfanin kago, masu jigilar kaya, kuma bizar da muka daɗe muna jira ta fito. A cikin akwatunan akwai garin kunun kanwa, da yajin jego, da daddawa da muka naɗe leda kan leda don kada ta tona mana asiri a jirgi. A jakata ta hannu kuwa maganin sugan Inna ne. Kafin mu taho likita ya ja mini kunne: ƙwayar nan sauke suga take yi, duk safiyar da aka sha ta dole a ci abinci, in ba haka ba za ta sauke shi ya wuce kima, mutum ya yanke jiki ya faɗi. Na ce masa ba komai. A tunanina aikina shi ne in hana ta cin zaƙi, kamar yadda muke fama da ita a gida.

Mun yada zango a Addis Ababa. Inna ta cinye abincin jirgi tas, tana ci tana kushe shi, wai wanda ya dafa bai san gishiri ba. Da muka sauka Dubai muka fito daga sanyin filin jirgi, zafi ya mare mu kamar mun leƙa kaskon suya. Tituna shimfiɗa-shimfiɗa, ba rami, ba hon, ba adaidaita sahu da zai shigo maka ta hagu. Inna ta daɗe tana kallo ta taga, can ta tambaye ni ina mutanen garin suke, don ba ta ga kowa yana tafiya a ƙasa ba.

Su yayata suna zaune ne a unguwar Al Qusais, a wani bene. Ɗaki ɗaya da ɗan falo, kicin kuma haɗaka da wasu Indiyawa mata da miji. Kuɗin hayar da suke biya zai kama maka gida sukutum a Kano har da canji. Ba zaure, ba tsakar gida, ba wani lungu da mutum zai raɓe. Mijin yayata, wanda nake kira Yaya, ya mayar da kwanansa wurin wani abokinsa a hawan ƙasa, sannan ya ɗauki hutu daga aiki musamman don hidimar Inna. Kowa ya yaba masa, har da ni. Ban san daga nan matsalar za ta ɓullo ba.

Inna ba ta cin abinci a gaban suruki. Ko ruwa ba ta sha. Balle wannan, mijin 'yarta ta fari, wadda ko sunanta ba ta faɗa. A Kano abin ba ya zama magana: ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta, ya koma zaure, abinci ya bi shi can. A nan kuwa falon nan ɗaya shi ne zaure, shi ne ɗakin cin abinci, kuma ƙofar ɗakin mai jego a buɗe take saboda sanyin na'ura ya shiga. Yaya yana fitowa daga masallaci da asuba zai shigo da burodi da shayin karak, ya zauna. Da rana ya kawo shinkafar mandi da naman rago har yana zamewa daga ƙashi. Ya ajiye a gabanta, ya koma gefe yana murmushi, yana jiran ya ga ta kai loma.

"Ki ce masa an gode," in ji Inna, tana kallona. "Zan ci an jima."

Shi kuma sai ya ɗauka abincin Larabawa ne bai karɓe ta ba. Ya koma biriyani. Ya koma gasasshen kifi. Rannan har Al Khabaisi ya je wurin wata mai dafa abincin gida, ya dawo da tuwon shinkafa da miyar kuka da man shanu, ya zauna yana jira. Tuwon nan a gabanmu ya sandare. Sai bayan isha'i in ya sauka Inna ke ɗan taɓa wani abu, shi ma loma kaɗan, don cikin da ya wuni a rufe ba ya karɓar da yawa.

Na sami yayata a ɗaki na ce ta yi masa magana. Ta ce, "Ni zan ce wa mutum ya fita daga gidansa?" Ashe Inna na ji.

"Kada wadda ta sake ta ce masa komai," ta ce. "Bawan Allah ya ajiye aikinsa saboda ni, sai a ce ya tashi don in ci abinci? Wace irin mace zai ɗauke ni?"

Ni da Yaya akwai wasa tsakaninmu, ba abin da ba na gaya masa, amma wannan an ɗaure mini baki. Tsoro ya kama ni sosai. Na koma duk inda Inna ta zauna hannunta nake kallo, ko ya fara rawa.

Ranar da za mu je kasuwar Deira sayen tsaraba Yaya ya zo da wuri fiye da kullum. Inna ta riga ta haɗiyi ƙwayarta bayan salla kamar yadda ta saba, kunun da na dama mata bai ko huce ba. "Yalla, Inna, mu fita kafin rana ta buɗe," ya ce, da zumuɗinsa. Ta yafa mayafi ta miƙe. Na kalli kofin kunun, na kalle ta, ta harare ni.

A tashar jirgin ƙasa na cikin gari dabara ta zo mini. Akwai tarago na mata zalla, namiji ba ya shiga. Na ja Inna can, muka bar Yaya a na maza. Jirgi na tashi na zaro biskit daga jaka na tura mata a hannu. Ba ta kai ga buɗewa ba wata mata da ke kusa ta taɓa ni, ta nuna mini wani hoto a jikin ƙofa. Ba a ci ba a sha a cikin jirgin, ko cingam aka kama ka da shi tara ce. Inna na jin kalmar tara ta mayar mini da biskit ɗina. Ta ce ba za ta zo ƙasar mutane a kama ta a kan abinci ba.

Deira kuwa sai ka rantse wani yanki na Kwari aka ɗauko aka wanke. Hausa ta ko'ina. 'Yan kasuwarmu na ta ciniki a shagunan abaya da takalma, masu kura na tura kwalaye zuwa ofisoshin kago, wani ɗan Pakistan yana kiran Inna, "Hajiya, zo gani, akwai ragi." Duk farashin da aka faɗa in na juya shi zuwa naira sai kaina ya sara. Muka shiga shagon turare, mai shago ya faɗi kuɗi, Inna ta ce a ba shi. A nan gabana ya faɗi. Matar da ke taya kaya har mai kaya ya yi kamar zai yi kuka, yau ta sallama a farashin farko.

Muna fitowa na ga gumi na tsattsafo mata a goshi, leɓenta ya yi fari. Na kama hannunta, sanyi ƙalau, yana kakkarwa. Ta dube ni ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa. Wallahi abin da ya zo mini a rai shi ne yadda zan buga waya gida in ce me.

A bakin wani lungu akwai ɗan shagon kayan zaƙi, bai fi teburin mai shayi girma ba, wata 'yar Filifin a ciki. Curos take soyawa. Kwaɓin fulawa ne take matsowa daga wani ƙarfe, ya faɗa cikin mai dogo-dogo da zane a jikinsa, in ya yi ja ta tsamo ta birgima shi cikin suga da kirfa. Ban tsaya tambayar kuɗi ba, na nuna da hannu. Na zaunar da Inna a kan kujerar roba da matar ta miƙo, na kai mata guda baki. Ta datse leɓe, ta girgiza kai. Yaya na tsaye a kanmu da ledojin tsaraba, duk ya rikice.

"Inna, ko shwayya ne, ɗan kaɗan, ki daure ki ci. Ko mu tafi asibiti? Bari in tsayar da tasi."

"Yaya," na ce, "don girman Allah ka ba mu wuri. Ba za ta ci kana tsaye ba. Tunda muka zo ba ta taɓa cin abinci da rana ba."

Ya dube ni, ya dubi Inna. Ya ajiye ledojin a ƙasa, ya tafi can ƙarshen lungun inda ba inuwa, ya juya mana baya ya tsaya.

Na juya kujerar ta fuskanci bango, na ware mayafina na kare ta daga masu wucewa. Mai shagon ba ta jin Hausa, amma ta gane. Ta dama suga a ruwa ta kawo, ta tsaya ta ɗaya gefen ta tare. Inna ta sha, sannan ta fara ci a hankali, suga na zuba a zaninta. Ni da ke ɓoye gwangwanin suga a saman kwaba, yau ga ni ina cewa ta ƙara. Nima na ɗauki ɗaya. Waje ƙaras-ƙaras, ciki laushi da zafi, wani abu tsakanin fanke da dubulan. Ban taɓa cin abu ina addu'a haka ba.

Sannu a hankali idonta ya dawo daidai. Ta goge baki ta ce man ya yi yawa. Daga nan na san Innata ta dawo. Sai ta hango bayan Yaya, rigarsa ta jiƙe sharkaf.

"Me kika ce masa?"

"Gaskiya na gaya masa."

Har muka koma gida ba ta ƙara yi mini magana ba, ni kuwa ban damu ba.

Daga ranar Yaya ya canja. Sai ya ƙwanƙwasa, ya ajiye abinci a bakin ƙofa, ya koma ya zauna a matattakala. Inna ta ci ta ƙoshi, jikinta ya dawo. Wata rana na fito zubar da shara na same shi a zaune, na tsokane shi na ce an kori mai gida. Bai yi dariya ba.

"Na san al'adar," ya ce. "Na ɗauka nan ba gida ba ne, ba sai an bi ba. Lokacin jinyar Hajiyata ina nan, biza ta riƙe ni, har ta rasu ban ba ta ko cokali ɗaya da hannuna ba. So nake kawai in ga uwa ta ci abin da na kawo. Khalas, ya wuce."

Na gaya wa Inna yadda ya faɗa. Ta ci gaba da jan carbinta kamar ba ta ji ba.

Ranar komawa shi ya kai mu filin jirgi. Bayan an auna kaya ya miƙo mini wata 'yar takarda mai ɗumi, ashe tun da farko sai da ya biya Deira ya sayo curos. Ya durƙusa ya yi wa Inna sallama, ya juya zai tafi don ta samu ta ci.

"Tsaya," in ji Inna.

Ba ni ta gaya wa ba, shi ta gaya wa, karo na farko da na ji ta yi masa magana kai tsaye. Ta karɓi takardar, ta gutsuri ɗan kaɗan, ta kare baki da gefen mayafi, ta tauna ta haɗiye, idonta a ƙasa.

"Na ci," ta ce. "Allah ya yi maka albarka."

Ya amsa da amin. Ni na yi kamar ina neman fasfo a jaka.

Mun sauka Kano lafiya, alhamdulillahi. Masu shirin kai iyaye irin wannan tafiya, kafin ku tambayi kuɗin tikiti ku tambayi yadda gidan yake, da inda tsohuwa za ta zauna ta ci abincinta. Ni dai abin da na gani shi ne mutum biyu da kowannensu girmama ɗayan yake yi iya ƙarfinsa, kuma a haka na kusa rasa uwata a bakin titi. Na san irin nauyin da lomar nan ta filin jirgi ta yi wa Inna, don har muka shiga jirgi ba ta iya ɗaga kai ta dube ni ba.