Hannun Rupsa Ya Ƙi Jin Magana

Rupsa Pal ta gama makarantar koyon rawar zamani a Kolkata ana tsananin zafi, damina ba ta sauka ba tukuna. Takardar shaidar da aka ba ta, Gwaggo Malati ce ta karɓa ta jujjuya, ta duba gaba ta duba baya, sannan ta ce ashe har birgima ana ba wa takarda yanzu. Gwaggon nan ƙanwar mahaifin Rupsa ce, a gidanta na unguwar Behala yarinyar ta zauna duk shekarun karatun, kuma sau ɗaya ta taɓa zuwa kallon rawar. Abin da ta gani samari ne da 'yan mata cikin baƙaƙen kaya, ba akayau a ƙafa, ba kwalli a ido, suna faɗuwa suna tashi suna hawa bayan juna. Tun daga ranar sunan rawar a bakinta birgima, ba kuwa wanda ya isa ya sauya mata.

Rupsa 'yar Ghurni ce, unguwar masu gina 'yan tsana na yumɓu a garin Krishnanagar. Doguwa ce siririya, mai faffaɗan tafin ƙafa da 'yan uwa suka sha tsokanarta a kansa. Mahaifinta, Haradhan, yakan wuni a durƙushe yana fitar da hancin mai sayar da kifi ko gemun tsoho daga laka, magana kuwa sai ta kama dole. Tana 'yar sakandare aka kai su Kolkata yawon buɗe ido, a nan ta ga wani mutum mai suna Nirmal Sen yana rawa shi kaɗai a dandamali, ba ganga ba waƙa, sai ƙarar numfashinsa. Ta koma gida ba ta da zance sai nasa. Daga ƙarshe uban ya gaji ya sa ta a jirgin ƙasa, ya haɗa ta da ƙanwarsa.

To karatu ya ƙare, sai maganar aiki. Kawunta Subodh, mutumin da ba ya ganin yaro zaune bai nema masa abin yi ba, ya samo mata kujerar karɓar baƙi a wani shagon gwajin jini can Krishnanagar, mai shagon ya yarda ya ajiye mata har bikin Durga, babban bikin shekara a can. Haradhan bai ce mata rawa aikin banza ce ba. Cewa ya yi ta nema har bikin, idan rawa ta ba ta aiki ta zauna, idan ba ta ba ta ba ta dawo gida, kuma shi ba zai sake maimaita zancen ba. Rupsa ta san ubanta. Ta san idan ta hau kujerar nan, ita da rawa sai dai a bikin wani.

Damina ta same ta tana yawo da jaka a kafaɗa. Wani mai haɗa 'yan rawar biki ya kalle ta sama da ƙasa, ya ce tsayinta ya yi, amma fuskarta ba ta murmushi, su kuwa murmushi ake saye. Wata makarantar yara ta gwada ta mako guda, iyaye mata suka leƙo ta taga suka ga 'ya'yansu kwance a ƙasa ana koya musu numfashi, suka ce su rawar fim suka kawo a koya. Ta dawo gida a jiƙe, Gwaggo Malati ta zuba mata shinkafa da miyar kifi tana cewa ai ita dama ta faɗa. Amma kan kifin, wanda Rupsa ta fi so, kullum a kwanonta yake sauka.

Ana saura kaɗan biki, masu kafa rumfunan bikin sun fara tare tituna da gora, sai aka ji ƙungiyar Paroma Basu na neman mace guda. Ƙungiya ce ƙarama, amma ta gaske, tana atisaye a saman wani tsohon sito kusa da kogi. Rupsa ta hau matakala ta tarar da ɗakin cike da 'yan mata irinta, kowa na miƙe ƙafa tana satar kallon ta kusa. Paroma-di, kamar yadda ake kiranta don girmamawa, ta yi bayani a taƙaice: rawar ta mutum biyu ce, namiji zai durƙusa, mace ta taho a guje ta taka cinyarsa, ta taka kafaɗarsa, ta tsaya a bayansa, ta sauko ta sake. Sai ƙofar ciki ta buɗe, namijin ya fito yana ɗaure gwiwa da bandeji. Nirmal Sen ne, wanda ake kira Nirmal-da don girmamawa, kansa fari fat.

A gidan Haradhan, kamar kowane gidan da ke da tarbiyya, idan ƙafarka ta taɓa mutum, ko littafi, ko kwanon abinci, hannu kake kaiwa ka taɓa abin, ka mayar da hannun goshinka da ƙirjinka, neman afuwa ke nan. Ba a tsayawa tunani, hannu ne ke tafiya da kansa. A shekarar farko a makaranta duk ajin haka suke, ana tsakiyar rawa sai ka ga hannaye na tashi ta ko'ina, har malamarsu ta gaji ta ce a cikin ɗakin nan ƙafa da kai duk ɗaya ne, wanda ke son gaisuwa ya jira a fita. Rupsa ta daina tsaf. Ta taka bayan sa'o'inta ba adadi, ko a jikinta.

Da layi ya zo kanta, ta taho da gudu mai kyau, ta taka cinya, ta taka kafaɗa, ta tsaya cak a bayansa. Da ta sauko, kafin ta ankara, hannunta ya taɓa kafaɗar tsohon ya koma goshinta. Kiɗa ya wuce ya bar ta. Wata a baya ta yi dariya ta toshe baki.

Paroma-di ta kashe kiɗan. "Rupsa, rawa muke yi ko gaisuwar surukai?"

"Yi haƙuri, Paroma-di. Ba zan ƙara ba."

Aka sake. Wannan karon ta dunƙule hannun ta matse shi a cinya, ta ce a ranta ko za ta mutu ba zai motsa ba. Ta hau lafiya, ta sauko lafiya, amma da ƙafarta ta goga furfurar kansa wajen saukowa, hannun ya ƙwace. Mutumin da ta baro garinsu saboda shi, sa'an ubanta, ta sa masa ƙafa a ka, wace makaranta ce za ta hana hannun nan tashi? Paroma-di ba muguwa ba ce, amma tana da wasa a gabanta da ranar da aka sa. Ta ce an gode, ta kira ta gaba. Wata yarinya gajera mai zafin nama ce ta samu aikin, kuma a faɗi gaskiya ta cancanta.

A cikin bas Rupsa ta yi kuka sosai, ba ta damu da masu kallo ba. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ba rashin iyawa ya kayar da ita ba, ta san hawanta ya fi na kowa tsabta. Ta ba Gwaggo labari tana jiran dariya. Gwaggo tana yanka kabewa ta ce, "To da me suke so ki yi, ki taka kan dattijo ki wuce kamar akuya? Ci abincinki." Washegari da kanta ta sauko mata da akwati daga saman kabad don shirin komawa gida, tana share ƙura tana faɗan gizo-gizo, alhali ba gizo-gizo ne ya ɓata mata rai ba.

Akwatin na buɗe a tsakar ɗaki wayar Rupsa ta yi ƙara. Muryar namiji ce, ya ce shi Nirmal ne, ya karɓi lambarta wajen Paroma, yana so ta same shi gobe da safe a zauren wata ƙungiyar unguwa kusa da tafki. Bai faɗi dalili ba. Ta tafi tana zaton nasiha zai yi mata, irin wadda manya ke yi wa wanda ya faɗi.

Ta same shi a bakin zauren yana shan shayi a ɗan kofin ƙasa, ya sa aka miƙo mata nata. Ya gaya mata shekaru ke nan yana koyar da rawa a nan da safe, ga tsofaffi masu ciwon karkarwar jiki, waɗanda ƙafa ke maƙale musu a ƙasa su kasa ɗagawa. Wata ƙaramar gidauniya ce ke ɗaukar nauyin ajin, kuma ta amince a ɗauki mai taimaka masa da albashi, domin gwiwarsa ta fara ƙin durƙuso. Ya gwada matasa a baya, duk sun iya rawa, amma sukan ja tsoho kamar suna jan kujera.

"Ranar nan na kwana da ciwon kafaɗa," in ji shi. "Duk wadda ta hau ni, matakala ta hau. Ke kaɗai ƙafarki ta san mutum ne a ƙasa. Hannunki ya ɓata rawar Paroma, wannan gaskiya ne, kuma sai kin koya masa haƙuri idan kina son dandamali. Amma a nan ina da buƙatarsa."

Rupsa ta dubi ƙofar zauren. Ba wannan ne aikin da ta yi mafarki ba, babu fitilu, babu masu tafi. Ta tambaye shi kai tsaye, wannan ɗin rawa ce kuwa? Ya ce ta shigo ta gani da idonta, idan ba rawa ba ce ga ƙofa nan.

Kujerun roba ne a jere, da tsofaffi kusan cikin ɗaki, wasu da 'ya'yansu a gefe riƙe da laima. Aka haɗa ta da wata Inna Protima, tsohuwar malamar firamare, 'yar ƙarama cikin farin zanen sari, hannunta na dama na kaɗawa a kan cinya ba hutu. Ɗiyarta ta raɗa wa Rupsa cewa hannun nan ya daɗe bai kai ko kofi baki ba tare da zubarwa ba, kuma tsohuwar ta tsani a riƙe ta. Rupsa ba ta riƙe ta ba. Ta tsaya a gabanta ta buɗe tafin hannu, ta jira har tsohuwar ta ɗora nata. Nirmal-da ya sa wata tsohuwar waƙa, suka fara takawa a hankali, gaba, gefe, gaba.

Wajen juyawa Inna Protima ta yi tuntuɓe, ta taka wa Rupsa faffaɗar ƙafar nan sosai. Nan take hannun dama, mai karkarwar, ya miƙe ya taɓa damtsen Rupsa, ya hau goshi, ya sauko ƙirji, sumul, bai kaɗa ko kaɗan ba. Ɗiyar ta kama baki. Ita tsohuwar ba ta ma lura ba, haƙuri kawai take bayarwa.

"Inna," Rupsa ta ce, "ƙara taka ni."

"Ke 'yar nan, lafiyarki kuwa?"

"Lafiya lau. Taka ni, amma wannan karon ki bi kiɗan."

Tsohuwar ta harare ta irin hararar malamai, sannan ta taka, hannun ya sake tafiya. Rupsa ta yi irinsa tare da ita, ta ƙara masa tsawo, ta kai hannun sama kafin ya sauko goshi. Na kusa da su suka gani suka kwaikwaya, wani tsoho yana dariya yana cewa shi matarsa zai taka, ya daɗe yana neman dalili. Kafin waƙar ta ƙare rabin ɗakin na yi. Nirmal-da ya zauna a kujera ya miƙe gwiwarsa, ya mayar da waƙar farko.

Da aka tashi ta fito bakin titi, inda masu rumfa ke ta ɗaure gora, ta kira gida. Haradhan ya daɗe bai ɗauka ba, ta san hannu yake gogewa. Ta ce masa ya gaya wa Kawu Subodh a ba wani kujerar, ta samu aiki. Ta gaya masa ba dandamali ba ne, tsofaffi ne, albashin ma ba wani mai yawa ba.

"Rawa ce dai?" ya tambaya.

"Rawa ce, Baba."

"Yaya aka yi suka ɗauke ki?"

Ta dubi hannunta. Ta ce idan ta zo biki za ta ba shi labari, ai tarbiyyarsa ce ta ja mata. Da ta koma gida ta tarar Gwaggo Malati ta riga ta mayar da akwatin saman kabad, tana tambaya ko tsofaffin ma birgima ake sa su, don ita ma gwiwarta ta fara damunta.