'Ya'yan Tsamiya Uku

Ni na kawo wasan nan garinmu, don haka abin da ya biyo baya ba ni da wanda zan ɗora wa. Wani ɗan bautar ƙasa ne ya koya mini lokacin da nake koyarwa a Gummi. Da aka mayar da ni firamaren garinmu a ƙasar Bukkuyum, na taho da wasan a ka da ƙwayar ludo guda a aljihu. Ba shi da wuya. Mutum ɗaya ne mai labari, shi ke faɗin inda ake da abin da ya taso. Sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin ya zama shi, ya faɗi abin da zai yi, sannan ya jefa ƙwaya. In ta ba da huɗu zuwa sama ya ci nasara, in ta gaza ya sha kashi. Liman ya taɓa tsayawa a kanmu yana neman inda kuɗin cacar suke, da bai ga ko sisi ba ya ce, "Allah shi shirye ku, manyan banza," ya wuce abinsa.

Mu huɗu ne, duk Alhamis bayan la'asar, a rumfar shagon tela. Ni ne mai labari. Tela ya ɗauki falke, don ko a labari ba ya son abin da babu riba. Mai kemis ya ɗauki boka, muka yi ta yi masa tsiya cewa ai bai sauya sana'a ba. Na huɗu abokina ne tun aji ɗaya, Bafulatani, rugarsu na kan hanyar Adabka. Shi ya ɗauki maharbi, har sunan ya bi shi, yara ma Maharbi suke ce masa.

Akwai ƙa'ida guda da nake ji da ita. Duk wanda ya yi wata dabara da ta burge ni, ko ya yi magana daidai da halin mutuminsa, sai in ba shi ɗan tsamiya guda daga cikin wani gwangwanin madara. Ranar da ƙwaya ta juya masa baya, sai ya maido mini ɗan tsamiyar ya sake jifa. Gyara muke ce masa, irin ɗan abin nan da mai awo ke ƙara maka a kan tiya in ya ji daɗin ciniki. Kuma wallahi ni marowaci ne a kansa. Tela ya yi wata uku yana naci bai samu ko ɗaya ba.

Maharbi ne ya fara ci. A labarin na kai su bakin gulbi, ga shi ya kawo, mahara na bayansu. Falke ya ce zai sayi kwalekwale, na ce babu. Boka ya ce zai yi surkulle, ƙwaya ta ba shi ɗaya. Maharbi ya sosa gemu, sannan ya ce, "Malam, akwai shanu kusa?" Na ce akwai. Ya ce, "To kowa shi kama wutsiyar sa. Sa ba ya shiga inda ruwa za su ci shi." Kai! Na buga cinya na miƙa masa ɗan tsamiya. Ya karɓa da hannu biyu kamar an ba shi goron ɗaurin aure, ya ƙulle a bakin rawaninsa. A cikin shekara biyu, guda uku kacal ya ci, kuma bai taɓa kashe ko ɗaya ba.

Sai ƙasa ta lalace. Aka fara kore shanu, nasa na cikin na farko, sai 'yan ƙalilan aka bar masa. Daga nan aka koma tare hanya. Mutanen gari suka daina bambance wanda ya yi ɓarna da wanda aka yi wa, duk wanda ya fito daga ruga abin zargi ne. Ƙanen tela ya tafi cin kasuwar Anka a kan babur, ba a dawo da shi da rai ba. Bayan sadakar bakwai tela ya buɗe shago, muka zauna, amma ya ja tabarmarsa gefe, kuma da Maharbi ya yi masa gaisuwa, da ka kawai ya amsa.

Na san abin da zaman nan yake yi wa abokina. Muddin ana ganinsa duk Alhamis a tsakiyar gari, gwiwarsa na gugar ta malamin makaranta, in an ambaci rugarsu wani zai ce, "A'a, wanga namu na." Ranar da aka daina ganinsa, babu mai faɗin haka. Shi ma ya sani. Kunya ba za ta bar shi ya shigo gari don neman a gan shi ba, amma zai zo don maharbinsa na tsakiyar tafiya. Wasan ne kaɗai dalilin da ya rage masa.

To nan na tafka wautata. Tsoro ya kama ni kada maharbin ya mutu a labari, abokina ya rasa abin da zai kawo shi. Sai na saki bakin gwangwani. Ya ce maharbi ya ɗaura kwari, in ce madalla, ga gyara. Ya ce maharbi ya sha ruwa, ga gyara. Ni da na hana tela wata uku! Mai kemis ya riƙa kallona ta gefen ido. Maharbi kuwa ya daina karɓa da hannu biyu, sai ya bar su a gabansa kan tabarma, in an tashi ya zuba a aljihu ba ya ko dubawa. Na gani, na yi kamar ban gani ba.

Wata Alhamis tela ya kasa daurewa. Ya ce, "Malam, mi yay yi da kab ba shi? Ko yanzu zama ma gyara a kai mai?"

Zuciya ta ɗebe ni, na ce, "Gwangwanin naka na? In ba ka iyawa tashi ka koma kan kekenka!" A shagonsa fa, kuma mutumin da bai yi arba'in da binne ƙanensa ba. Har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse.

Aka ci gaba da wasa babu mai dariya. Labari ya kai su wani kwazazzabo, ƙasa ta zabtare da maharbi, yana rataye da saiwa guda. Na ce ya jefa. Ƙwaya ta ba da biyu. Ban damu ba, na san aljihunsa cike yake. Na ce, "Kawo ɗaya ka sake."

Ya sa hannu a aljihu ya kwaso su duka, ya zuba cikin gwangwanin da kansa. Ya ce, "Malam, waɗanga ba gyara na ba. Gyara sai an yi ciniki. Wanga sadaka ta, ni ko ban zo bara ba."

Na ce, "Haba, wasa na fa."

Ya ce, "Da can wasa na. Yanzu ko kai ba ka ɗauke ni ɗan wasa ba."

Na nuna rawaninsa na ce to ya kwance ɗaya daga cikin ukun nan, ai su da guminsa ya ci. Ya dafe ƙullin da hannu ya girgiza kai. "Waɗanga nawa na. Ba ni ba da su." Na fara kame-kame, na ce ai akwai wani reshe a ƙasa, maharbi ya faɗa a kai. Ya ce, "Ƙwaya ta ce biyu. Kak ka yi man ƙarya cikin labarinka." Tela ya sunkuyar da kai. Da bakina na faɗi yadda saiwar ta tsinke. Maharbi ya tashi ya kaɗe riga, ya yi wa kowa sallama har tela, ya ja kekensa tun rana ba ta yi ja ba.

Alhamis ta zagayo bai zo ba. Na aika masa cewa ya zo ya ɗauki sabon mutum, ko maƙeri ko mai gida, duk wanda yake so. Ya aiko da godiya. Alhamis ta biyu, ta uku. Kafin wata ya cika na ji da kunnena a bakin masallaci ana cewa ai Maharbi ya shiga daji. Na yi masifa har aka riƙe ni, na rantse ƙarya ne, wani ya ce, "To in ba haka ba, don mi ad daina ganinai wurinku?" Me zan ce? In ce 'ya'yan tsamiya na ba shi da yawa? Matarsa ta kawo nono kasuwa, ta koma da ƙwaryarta a cike.

Na yi ta cewa gobe zan je rugar, hanya kuma ba ta biyuwa, ni ma ina tsoron a gan ni na nufi can. Gara in faɗi gaskiya, tsoron bakin mutane ya fi na hanya yawa a raina. Ranar da na daure na hau babur, na tarar da bukkoki babu kowa, turakun maruƙa a kafe, toka ta yi sanyi. Wani manomi ya ce sun tashi kwana biyar da suka wuce, bai san inda suka nufa ba. Lambarsa tun tana ƙara har ta daina shiga. Ban san ko yana raye ba, kuma na daina sa rai zan sani.

Bayan shekara tela ya same ni a gida, ya zauna ya daɗe yana murza hula, sannan ya ce ko za mu tayar da wasan. Na ɗauko gwangwanin don in gwada, na juye a tabarma. Shi ya fara lura. Ya ce, "Ba su cika ba." Na ce eh, saura uku. Akwai tsamiya a bayan gidanmu, 'ya'yanta har takawa ake yi. Tela ya dubi wajen, ya dube ni, bai ce a ɗebo ba. Muka mayar da su ɗaya bayan ɗaya, na rufe gwangwanin.