Randunan da Muka Cika wa Baƙi

Shekara huɗu na yi a jami'a ina karanta labarin ƙasa, kuma aikin da na rubuta na kammalawa a kan kwararowar hamada ne. Ba don alfahari nake faɗin wannan tun farko ba, sai don a san da wane irin ilimi na taimaka wa garinmu ya rasa rijiyar burtsatse. Na ce na taimaka, domin ba na jin adalci ne a ɗora mini laifin duka. Wataƙila rabi. Kawuna yana cewa duka ne, amma shi ma akwai abin da za a tambaye shi game da raƙumi.

Garinmu ƙarami ne, yana tsakanin Tambuwal da Kebbe, sai an saki babbar hanya an ɗan taɓa tafiya a babur. Da damina babu wanda zai kalle mu ya yi zancen ƙishirwa: ga gero, ga dawa, ga shinkafa a fadama. Amma rijiyar tsakar gari tana fara ja da baya tun ana sussuka, idan bazara ta kama kuwa sai guga ya dawo da laka. Daga nan sai rafi, shi ma busasshe. Mutane su tona ramuka cikin yashinsa, su zauna da ƙwarya suna jiran ruwa ya tsattsafo. Na taɓa auna tafiyar da agogo: minti hamsin zuwa, dawowa da kaya a kai ya fi haka.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana wannan tafiya tun kafin a haife ni. Bayan rasuwar mahaifinmu da auren ƙannena mata, sai ta koma yin ta ita kaɗai, da wuyan da ya riga ya daina juyawa hagu. In na ce zan je, sai ta ce mai digiri ba ya zama bakin rami da ƙwarya. Ni kuma, Allah ya yafe mini, ban cika yi mata musu ba.

A bazarar da na dawo daga hidimar ƙasa labari ya zo cewa wata ƙungiya za ta haƙa burtsatse mai aiki da hasken rana, guda ɗaya tak a yankinmu, don garin da hamada ta fi takura wa. Garuruwa biyu aka ware, namu da wani da ke gaba da mu ta wajen Kebbe. Za a turo mutane su gani da idonsu su zaɓa.

Kawu, yayan Inna, shi ne bakin maigari a duk abin da ya shafi baƙi. Ya same ni a ƙofar gida ya ce ni ne tafinta.

"Abu guda nika so gare ka," in ji shi. "Ka faɗa musu hamada ta canye mu."

Na ce, "Kawu, in za a bi ƙa'ida, mu ba a cikin hamada muke ba. Akwai alamu, ba a musu, amma ruwan saman da muke samu a shekara..."

"Shekara fuɗu kana karatun hamada, ka kasa gano ta gidanku? To mi anka koya maka can?"

Ina cikin laluben amsa ya juya ya tafi, ya ɗauka na yarda. Ni ma a lokacin na ɗauka na yarda.

Abin da ya faru a kwana ukun da suka biyo baya babu wanda ya ba da umarninsa. Ba a yi shela ba, ba a taru a fada ba. Kawai dai gari ya ji baƙi na tafe, kuma a garinmu ba a nuna wa baƙo busasshiyar randa, kamar yadda ba a fito masa da yagaggen wando. Duk jakin da ke iya tsayuwa ya nufi rafi. Duk babur ya ɗauki jarkoki. Aka tona sababbin ramuka har yashin ya koma kamar gonar da aka cire rogo. Inna ta yi sawu huɗu a rana ɗaya, ta tace ruwan da tsohon ɗankwali, ta jefa alam, ta bar shi ya kwanta har kana ganin gindin randa.

Na ga duk wannan, kuma na gane inda zai kai mu. Har na shirya maganar da zan yi a masallaci bayan la'asar, mai sassa uku. Sai na yi tunani: in na ce a bar randuna ba ruwa, ba na koya wa dattawa yaudara ba kenan? In kuma na ce a cika, ba yaudarar ba ce ta wata fuska? Ina cikin auna wannan aka shafa fatiha kowa ya watse.

Kawu shi kaɗai ya tuna da hamada. Ya aro raƙumi daga wani mai jigilar hatsi a Dogon Daji, ya sa aka ɗaure shi a mashigar gari. Wanda ya ɗaure shi, don tausayi, ya zaɓi wuri mai inuwa. Don haka abin da baƙinmu suka fara gani shi ne raƙumi kwance a gindin mangwaro mafi duhun ganye a duk ƙasar Tambuwal, yana tuƙa cikin kwanciyar hankali.

Su biyu ne ban da direba. Akwai wata mata 'yar kudu wadda ba ta jin Hausa, ita ce mai riƙe da takardu, sai wani injiniya mai ɗan jin Hausa wanda bai cika magana ba. Matar ta sauko daga mota ta naɗe hanci da baki da gyale, da baƙin tabarau, shirin wanda zai ratsa tudun rairayi. Ta ce mini tun daga Sakkwato take zuba ido, amma ban da buhunan albasa da itatuwa ba ta ga komai ba, ina yashin yake? Na ce akwai shi nan da can. Daga baya na gan ta tana ɗaukar hoton tarin yashin da wani maƙwabcinmu ya sayo don buga bulo. Na so in yi mata bayani, sai na ga kamar rashin ladabi ne.

Ƙofar fadar maigari an share ta, an yi mata yayyafi don ƙura ta kwanta. Ƙasa jiƙe, tana ƙamshi kamar an yi ruwan farko. Wannan yayyafin kaɗai, a lissafina, ya ci sawun jaki uku. Matar ta dubi ƙasa, ta dubi takalminta, ta rubuta wani abu.

Aka zauna, aka kawo ruwan sanyi a ƙwarya, aka kawo fura. Ta ce in tambayi maigari yaya suke fama da ruwa.

Maigari ya gyara zama ya ce, "Ruwa sai godiya. Mun gode Allah."

Liman, da ke gefensa, ya ƙara da cewa, "Wanda ya ba mu jiya, shi ka ba mu gobe."

Na fassara. Kalma da kalma na fassara, ban rage ba ban ƙara ba, domin a ganina amanar tafinta kenan. Kawu yana ta zare mini ido, ni kuma na ɗauka so yake in ɗaga murya, sai na maimaita da ƙarfi.

Matar ta ce tana son shiga gida ɗaya ta ga yadda mata ke ajiye ruwa. Da yake ni ne a kusa, sai aka ce a shiga namu. Inna ta sa zanenta na salla. Randuna uku jere a inuwar rumbu, kowace da faifai a baki. Matar ta ɗaga faifan farko, ruwa har wuya. Na biyu haka, na uku haka. Inna ta ɗebo a sabuwar ƙwarya ta durƙusa ta miƙa mata, tana murmushi irin na wadda ta fita kunya.

"Tambaye ta," in ji matar, "ina take ɗebo wannan, kuma da nisa?"

Na tambaya. Inna ta ɗaga haɓa wajen yamma, da yake wuyan ba ya juyawa, ta ce, "Nan bayan gari na. Ba nisa."

Na ce wa matar bayan gari ne, ba nisa. Minti hamsin ɗin nan suna bakina, na rantse suna bakina. Amma na ga bai dace in ƙaryata mahaifiyata a gaban baƙuwa ba, kuma sau ɗaya kawai na auna, ranar ma ƙafata tana ciwo, ƙila awon bai inganta ba.

A wannan lokacin injiniyan yana bakin zaure yana alwalar azahar. Na ƙirga, buta uku ya ƙarar, har da wanke takalmi. Da ya gama ya ce ruwan garin nan akwai daɗi.

Sannan matar ta juyo gare ni. Ta ce ta ji ni masani ne a wannan fanni, kuma a takardarta akwai gurbi uku: gari yana cikin hamada, yana bakin hamada, ko ba ya ciki. Wanne za ta cika?

Ina jin ban taɓa yin bayani mai kyau kamar na ranar ba. Na ce ya danganta da abin da ake nufi da hamada. Na bambance mata hamada da ƙasar da ke bushewa, na kawo zancen sare itatuwa, na ce masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Na ce in da rani ne ana iya cewa e, in da damina ne da wuya a ce e, kuma ba zan so in yanke hukunci ba tare da ƙarin bincike ba. Ta saurare ni har ƙarshe, ta gode, ta cika gurbi na uku. Na ga hannunta.

Nan ne hankalina ya tashi, na ce ko za mu je rafin su gani. Kawu ya ce a wannan zafin rana za a kai baƙi daji, ga abinci ya sauka? Aka ci shinkafa da kifi. Da za su tafi, maigari ya sa aka ɗora musu jarka guda ta ruwa a bayan mota, ko injin zai yi zafi a hanya.

Abin da ya faru a ɗaya garin ban gani da idona ba, don haka a ɗauke shi da hattara. An ce tafintansu wani ɗan acaɓa ne da ya koyo Turancinsa a tashar mota. An ce rijiyarsu, wadda ba ta taɓa ƙafewa ba tun da nake, an rufe ta da zana an jibga mata kara. An ce ruwan da aka miƙa wa matar sai da ta ga kalarsa ta ja da baya, kuma da ta tambayi ɗan acaɓan wane gurbi za ta cika, hannunta ya kama ya ɗora a kan na farko. Abin da na tabbatar kawai shi ne bayan wata biyu motar haƙa ta wuce ta gaban garinmu ba ta tsaya ba.

Mu kuwa, kwana uku bayan tafiyar baƙi babu ruwan kirki a rafi, don mun riga mun kwashe na mako guda. Inna ta kwanta da ciwon baya. Ranar da motar haƙar ta wuce, Kawu ya shigo gidanmu ko sallama bai ƙarasa ba, ya faɗa mini abubuwan da ba zan rubuta ba. Na kare kaina da abin da nake gani hujja ce. Na ce ban faɗi komai ba sai abin da aka faɗa, maigari ya ce sai godiya, Inna da bakinta ta ce ba nisa.

Inna tana zaune a tabarma ta jingina da bango. Ba ta ɗaga murya ba.

"To mi kaka so in ce? In tsaya gaban baƙuwa, cikin gidana, in ce mata wahala nika sha? Ni ban iya ba, maigari bai iya ba. Don haka munka aje ka tsakiya. Mu mu yi godiyarmu da Hausa, kai ka faɗa mata gaskiya da Turancinka, inda ba mu ji balle mu ji kunya. Wanga aiki ɗai munka ba ka."

Sai a lokacin na gane abin da idon Kawu yake nufi. Duk garin ya san yadda aka raba aikin, har mai ɗaure raƙumi. Ni kaɗai ne ban sani ba, ni da aka tura makaranta.

Na rubuta wa ƙungiyar wasiƙa mai shafi bakwai, na gyara duk abin da na faɗa, na sa minti hamsin ɗin a layin farko. Ban samu amsa ba. Mai yiwuwa ba ta isa ba, ba zan zarge su ba tare da tabbaci ba.

Tun daga bazarar nan Inna ba ta sake zuwa rafi ba. Ban tambaye ta izini ba, ita ma ba ta sake zancen digiri ba. Kowace safiya nakan ɗaura jarka huɗu a babur in tafi ɗaya garin in shiga layi, a ƙarƙashin wani allo da aka rubuta da Turanci cewa an yi wannan rijiya don mutanen da hamada ta addaba. A bayan allon, in ka leƙa, tsohuwar rijiyarsu tana nan, sun cire zanar, shanu suke shayarwa da ita.

Ɗan acaɓan shi ne yanzu mai riƙe da makullin famfo. Rannan da layi ya zo kaina sai ya dafe bakin famfon ya ce, don kowa ya ji, "Malam masani, yau kam faɗa muna. Garinku hamada ta, ko ba hamada ba?"

Na san amsar da ake so, kuma na yi niyyar ba da ita. Amma an yi yayyafi kwana biyu kafin nan, ciyawa har ta fara tsirowa a gefen hanya, na gan ta da idona. Na ce masa, to, ya danganta.

Ya ce in koma bayan layi in ƙara bincike.