Yadda Sarkin Noma Ya Raba Maganinsa

A shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa ƙauyukanmu, sana'ata saye da sayar da hatsi ce. Da jaki biyu na fara, na koma haɗa kaya da masu manyan motoci, daga baya na sayi wata tsohuwar akori-kura wadda sai an tura take tashi. Da ita nake zagaya kasuwannin Ƙanƙara da Faskari, in gangara Daudawa, in hanya ta yarda in kai har Sabuwa. Gari ya cika da rediyo da babur da kwanon rufi. Matasa sun tafi birni aikin gini, masu ci sun ƙaru, masu noma sun ragu. Duk wanda ya san inda rumbuna suke, ba ya rasa ciniki.

Rumbunan da na fi dogara da su suna wani gidan Maguzawa ne a dajin da ke tsakanin Faskari da Sabuwa. Babban gida ne, maigida da ƙannensa da 'ya'yansu da matansu duk danga ɗaya ta kewaye su. Maigidan Sarkin Noma ake ce masa, domin ya taɓa tara dami dubu a shekara guda, aka yi biki aka naɗa shi. Ni Baba nake ce masa, shi kuma yana kirana Mai Tiya, wai bai taɓa ganina hannu babu ma'auni ba. Yana shan giyar da uwargidansa ke dafawa, kullum, tun daga hantsi. Ni ba na sha, bai kuma taɓa miƙo mani ba. In na zo sai a dama mani fura a wata ƙwarya da aka keɓe don baƙi Musulmi.

Wata kaka na same shi yana tari. Da na dawo cikin rani na tarar tarin ya zauna, wuyansa ya zurma, rigar saƙinsa tana reto a jikinsa. An yi masa turare, an cire masa beli, ya sha saiwa kala-kala. Ranar a gabana ya tofar da kaki da jini, ya sa ƙafa ya rufe da ƙasa, ya ci gaba da gardamar farashin dawa.

Ba zan ɓoye ba, abin da ya fara zuwa mani a rai shi ne, in dattijon nan ya faɗi, gidan zai rabu, rumbuna su warwatsu, ni kuma in koma bin ƙofa-ƙofa. Tausayi daga baya ya biyo, amma ya biyo ɗin. Na ce masa ya shiga mota mu tafi babban asibiti. Ya ce asibiti na mutanen gari ne masu takalmi. Na ce to ga nawa, ya sa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sannan ya aika aka ɗauko masa bargo.

A asibiti aka duba kakinsa, aka ɗauki hoton ƙirji, aka ce tarin fuka ne. Wata biyu ya yi a kwance ana yi masa allura kullum. Magani kyauta ne a lokacin, abin da ba kyauta ba shi ne isowa wurin, don daga gidansa tafiyar rabin yini ce a mota in rafi bai kawo ba. Da za a sallame shi, malamin asibitin da ke kula da masu tari, wani siririn mutum mai saurin magana, ya ba shi kati da gwangwanin ƙwayoyi. Ya ce kullum da safe zai sha, har fiye da shekara, ko da ya ji garau, kuma duk wata a zo da katin a karɓi sabon gwangwani. In ya tsaya a hanya, ciwon zai dawo da ƙarfin da allura ma ba lalle ta iya da shi ba. Na karɓi katin na sa a aljihun mota, na ce karɓowa aikina ne tunda hanyata ce.

Wata na farko lafiya lau. A na biyu, kwana goma da kai masa sabon gwangwani, na biyo ɗaukar maiwa. Yana zaune gindin ɗorawa ya yi kumatu, yana gyara ƙotar garma. Gwangwanin yana gefensa, na ɗauka don in matsar in zauna. Wanda ya shekara ashirin yana awo ba sai ya buɗe abu yake sanin cikinsa ba. Na girgiza, na ji 'yan ƙwayoyi suna karo da juna.

Na ce, "Baba, ina maganin?"

Ya ce, "An sha."

"Wa ya sha?"

"Masu tari."

Ashe ƙanensa da ke bi masa yana tari, matar ƙanen tana tari, haka wata tsohuwa, gwaggonsu, da ke ɗakin ƙarshe. Kullum da safe sai ya kira su, ya buɗe gwangwani, ya sa wa kowa a tafin hannu, sannan ya sha nasa a ƙarshe, kamar yadda yake yi in an yanka akuya. A watan farko ma haka ya yi, da suka ƙare ya yi shiru har na kawo wasu.

Raina ya ɓaci, na faɗa masa abin da malamin asibiti ya ce, na ƙara da nawa. Ya saurare ni har na gama.

Ya ce, "Mai Tiya, kai in ka fasa goro a cikin mutane, bakinka kaɗai kake kaiwa?"

Na ce, "Wannan ba goro ba ne."

"Ya fi goro. Shi ya sa. Ni ne babba a gidan nan. In zauna ina haɗiyar lafiya, ƙanena yana bayan danga yana tari ina jin sa? Gobe da wane ido zan raba masu aiki a gona?"

Na ga in na bi ta hanyar faɗa ba zan fita ba. Shekarar ce takin zamani ya fara wadata, shi kansa ya gwada ya ga amfaninsa. Na ce masa, "Baba, buhun taki guda na gona guda, in ka watsa shi a gonaki huɗu, wacce za ta yi?"

Ya juya ƙotar da ke hannunsa. Ya ce, "Babu."

Na ce, "To ka gani."

Ya ce, "Na gani. Sai ka kawo buhu huɗu."

Na sha yin ciniki da mutane masu wayo, amma ban taɓa shiga rami da ƙafata irin na ranar ba. Ya kuma faɗa mani a fili cewa muddin su ukun ba su da nasu, duk gwangwanin da na kawo haka zai raba shi, in na ga dama in daina kawowa.

Washegari na tafi asibiti. Malamin ya ce ba a ba da maganin nan sai an ga mutum an gwada shi, kati ɗaya mutum ɗaya. Da ya ji yadda aka yi da gwangwani biyu sai ya ajiye biro. Ya ce dama ya sani, mutanen daji masu shan giya ba sa gama magani, ɓarna ce kawai, ga mutanen gari suna jira. Ban yi masa musu a kan giya ba, don gaskiya ne ana sha. Na ce, "Malam, mutumin nan bai zubar da ƙwaya ko guda ba, bai kuma sayar ba. Marasa lafiya uku ya nemo maka waɗanda ba ka san da su ba. Ni zan kawo su, ni zan mai da su, ni zan riƙa karɓar nasu. In wata ya wuce ba ka gan ni ba, ka yaga katunan." Ya dube ni ya ce in an kawo su zai duba. Daga baya malamin nan ya zama abokina, har yakan tambaye ni ko akwai wasu masu tari a rugagen da nake bi.

Kawo su ɗin ne aiki. Ruwa ya riga ya sauka, hanyar ta zama taɓo, babu gada a rafin da ke gaban gidan. Na bar mota a ƙetare, 'ya'yan gidan suka ɗauko tsohuwa a kan ƙyauren ɗaki suka haye da ita, ruwa iya ƙugu. Ba ta taɓa shiga mota ba. Tun daga nan har bakin kwalta tana riƙe da wuyan rigata tana zagin wanda ya ƙera ta. Sau biyu muka kafe, sau biyu mutanen da ke noma a bakin hanya suka ajiye fartanya suka tura mu. Gwaji ya nuna ƙanen da matarsa suna da ciwon, aka kwantar da su. Tsohuwa aka ce nata tarin tsufa ne da hayaƙin murhu, aka ba ta wani ruwan magani mai zaƙi, ta dawo gida tana taƙama cewa nata ya fi na kowa daɗi.

Da su biyun suka gama allura suka dawo, gwangwani ya zama uku a gidan da ba mai karatu. Ban yarda in sake barin su a hannun Sarkin Noma ba, don na san in maƙwabci ya yi tari gobe, hannunsa zai buɗe. Na je wurin uwargida. Mace ce gajera marar yawan magana, ita ke riƙe da makullin komai ko da yake gidan babu makulli. Ta ɗaura wa kowane gwangwani zare, na maigida baƙi, na ƙanen ja, na matar fari, ta jefa su cikin wata tukunya a ƙuryar ɗakinta. Kullum da safe kafin a sha kunu sai su zo ƙofarta su tsaya. Ta sa wa kowa nasa, ta ba da ruwa, ba ta juyawa sai ta ga maƙogwaro ya motsa. 'Yata da ke aikin lafiya yanzu takan ba ni labarin abin da masu bincike ke rubutawa, cewa maganin tarin nan ya fi tafiya daidai in akwai wani na kusa da ke tsaye a kan mai sha, kuma nisan hanya ya fi taurin kai kashe mutanen ƙauye. Nakan ce mata haka ne, na ga wadda ta yi.

Giya ce ta fi ba mu wahala. Malamin ya ce ita da ƙwayar ba sa shiri, hanta ke biya. Sarkin Noma ya yi rantsuwa ya bari a rana ɗaya. Kwana biyu hannunsa na rawa, gumi na karyo masa, ba ya barci, ya zagi kowa har karen gidan. A na uku ya koma. Na yi masa magana, ya dubi karan sigarin da ke hannuna.

Ya ce, "Kai da hancinka ke hayaƙi kamar maƙera, kai ne za ka yi mani wa'azi? Ajiye naka in gani."

Na ajiye. Mako guda na yi na koma, na ɓoye masa, ya sansano a rigata. Daga ranar ban ƙara yi masa maganar da ƙarfi ba, don na ɗanɗana abin da nake cewa ya yi. Uwargida ce ta san dabara. Tunda ita ke dafawa, ita ke aunawa. Ta ware masa ƙoƙonsa shi kaɗai saboda kada ya shafa wa wasu tarin, ta riƙa rage abin da take zubawa kaɗan-kaɗan, tana sirkawa da ruwa, ta kuma mai da lokacin sha bayan an taso daga gona. Ya san abin da take yi, ya yi kamar bai sani ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ƙoƙon. A wurinsu ƙwarya ɗaya ke zagayawa daga babba zuwa ƙarami, shi ne mai fara kai baki. Yanzu ga shi a gefe da ɗan ƙoƙo kamar baƙo. Ya taɓa ce mani allura sittin ba su yi masa zafin wannan ba. Amma ya daure.

Haka muka ci damina, muka ci kaka da rani, wata daminar ta sake kamawa. Sau ɗaya rafi ya hana ni hayewa kwana huɗu, na ɗaure gwangwanayen a leda, wani mai iyo ya ɗora a ka ya kai. Ban taɓa fashin wata ba. Giyar bai bar ta gaba ɗaya ba har ya koma ga Mahaliccinsa shekaru da yawa bayan haka, amma ba ta ƙara zama abin karin kumallonsa ba. Ni sigari sai a yunƙuri na uku na rabu da shi.

Ranar gwajin ƙarshe na kai su su uku. Muka zauna a benci tun safe har azahar. Malamin ya fito da katunan, ya ce na Sarkin Noma da na matar ƙanen sun fita sarai, ƙanen zai ƙara wata biyu don a tabbata. Sarkin Noma ya tambaya ko wata biyun na da haɗari, aka ce babu, in dai ya ci gaba da sha. Ya juya ya ce wa ƙanen, "Ka ji. Kullum kai ne na baya, ko a huɗa."

Da muka kusa gida ya ce in tsaya a bakin babbar gona. Ya sauka, ya bar mu a mota, ya shiga cikin dawa da ta kai gwiwa. 'Ya'yansa suna can ƙarshen gonar suna maimai, wato noma na biyu. Daga inda yake tsaye ya ɗaga murya ya tambayi wanda ya ja kunyar nan a karkace, ya ce a zo a gyara tun bai iso ba. Duk nisan nan suka ji shi, na ga sun miƙe suna duban juna. Na jira in ji tarin da ya saba biyo bayan irin wannan tsawa. Bai zo ba. Ya tuɓe riga ya rataya a kafaɗa, ya nufe su, ni kuma na ja mota na kai sauran biyun gida.