Rijiyar Yaya Buba da Tarwaɗar Ɗansa

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Malam Buba na unguwar Sarkin Dawaki. Bai bar bene ba, bai bar mota ba. Rijiya ya bari, wadda ya haƙa a ƙofar gida don kowa ya ɗiba ba sai ya yi sallama ba. Musulmi da Kirista duk guga ɗaya suke ja. Tarwaɗa guda ya jefa a ciki, kamar yadda magabata suke yi, don ta cinye ƙwari ruwan ya zauna garau.

Ga yadda abin ya lalace, bi da bi. Da farko ɗansa Sani ya dawo daga aiki a bakin teku, inda ya ga masu kiwon jatan lande. Daga nan ya gina tankunan siminti a tsakar gida, ya cika su da tarwaɗa, yana zuba musu hanjin kaji. Sannan ya huda katanga ya fito da bututu, wanda ke amayar da ruwan kifin dab da rijiya. Ruwa ne kore mai yauƙi, ƙarninsa har masallaci. Ƙasa ta yi ta sha har ta ƙoshi, ta miƙa wa rijiya.

Ruwa ba ya tsami banza. Maƙwabciyarsu, Mama Rifkatu, ta kawo min kofi cike ta ce, "Baba, shinshina ka ji. Jikana gudawa ta ƙi tsaya masa." Na shinshina, ƙarnin kifi ne. Da na sami Sani, cewa ya yi, "Baffa, ai ƙasa tana tace komai." Albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Me Yaya Buba zai ce? Mutumin da ko wankin hula ba ya bari a yi a bakin rijiyar nan. Ina jin toshe bututun kawai zai yi. Ni ma na toshe, Sani ya buɗe.

Don haka na kira kafinta ya rufe bakin rijiyar da katako, na sa kwaɗo. Sadakar da ɗan'uwana ke jiran ladanta a kabari, ni na tsayar da ita, gudun kada ta kashe ɗan wani.

Yanzu da safe mata kan wuce da jarkoki zuwa famfon wata unguwa. In sun zo daidai katakon sai su ce, "Allah ya jiƙan Malam Buba." In sun zo daidai bututun, sai su toshe hanci su ja tsaki.