Ƙullutun Daktor Bilyamin

Ranar Laraba, sha biyu ga Fabrairun 2025, Allah Ya karɓi ran Daktor Bilyamin, likitan dabbobi na ƙauyenmu da ke kusa da Managil a ƙasar Sudan. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ni Gado ne, maƙwabcinsa. Na zauna in rubuta yabo, amma wallahi takaici ya fi yawa a raina.

Daktor, mun yi maka dariya, mun kira ka likitan karnuka, ba ka taɓa ɗaga kai ba. Kowane ƙullutu a wurinmu maganinsa ɗaya ne, sakiya: a ɗora ƙarfe a wuta, a huda kumburin. Kai kuwa ka ce yatsa ba ya gani. Wani kitse ne, wani mugunya, wani ciwon daji, kuma daga waje duk kamarsu ɗaya. Sai an zuƙo da allura, an shafa a gilashi, an duba a madubin likita.

Ban manta karen da ke gadin gonata ba. Da ƙullutu ya fito masa, na riga na kira Sambo wanzami sai ga ka bisa kekenka. Ka zuƙo, ka duba, ka ce kitse ne, a bar shi. Yana nan har yau yana korar awakin mutane. Kyanwar Intisar mai shayi kuma, ƙurjinta bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ka ce a yanke yanzu. An yanke, ta rayu.

To kai fa? Ƙullutu ya fito maka a wuya lokacin da yaƙi ya rufe hanyar birnin Madani, inda babban asibiti yake. Ba ka nuna wa kowa ba sai da rawani ya kasa ɓoye shi. Iya, mahaifiyarka, ta yi ta kuka tana roƙo a yi sakiya, mu ma muka taya ta. Ka san abin da ka sani, amma ba ka iya ce mata a'a ba. Ka zauna a tabarma, Sambo ya yi aikinsa. Ko da hanya ta buɗe, likitoci suka ce an makara.

Ina jin haushinka, Daktor. Karen gona ka tsaya masa, kanka ba ka tsaya wa ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya saka maka da tausayin da ka yi wa marasa baki. Allah Ya ba Iya da matarka Aminat da 'ya'yanku haƙuri.

Jiya a wurin zaman makoki Iya ta sa aka kira ni. Kyanwarka na kan cinyarta, Iya ta kama yatsana ta ɗora a kan wani ɗan tauri a gefen cikin kyanwar.

"Gado, ɗana, kai ta Madani a duba da allura," in ji ta. "Kar kowa shi taɓa ta da ƙarhe."